Hannuna Yana Rawa, Amma Ba Ƙwaya Nake Sha Ba

Yau babu baƙo, ni ne baƙon kaina. Akwai wata magana da na daɗe ina kauce mata, to yau dai sai na amayar da ita.

Kwanakin baya an gayyace ni wani taron matasa na yi magana a kan shaye-shaye. Ina tsaye riƙe da makirfo, hannuna na ta rawa kamar yadda ya saba. Ashe wani ya ɗauki bidiyo, ya yanko 'yan daƙiƙu ya ɗora a Facebook. Kafin dare na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani ya ce mai wa'azin ƙwaya ga shi ƙwaya ta cinye shi. Wani ya ce tiramol ne ya sake shi. Wallahi ban yi barci ba a daren nan, saboda aikin da nake yi gaba ɗaya a kan yarda ya tsaya. Wane uba ne zai bar ɗansa ya zo zamanmu in ya ɗauka ni ma ɗan ƙwaya ne?

Da safe Umma ta kira ni, ashe ƙanwata ta nuna mata. Ta ce, "Babana, har yaushe za ka yi ta ɓoye hannun nan a aljihu? Mai sunanka haka ya rayu da nasa, kuma bai taɓa sunkuyar da kai ba." Sunan mahaifinta aka sa min, kuma shi ma hannunsa yana rawa har ya koma ga Allah.

Abin ya fara min ina aji biyar a sakandare. A ɗakin gwaje-gwaje, in an ce na zuba ruwan sinadari a kwalba, sai na zubar. Malam ya ce tsoro ne. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa aka yi min, aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Sai bayan na gama jami'a na ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya sa na miƙe hannuwa, na taɓa hancina da yatsa, na zana layi mai nannaɗewa kamar maganin sauron nan da ake kunnawa. Ya tura ni gwajin jini don a duba tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya, domin in ya yi aiki fiye da kima shi ma yana sa karkarwa. Ya tambaye ni magungunan da nake sha, saboda har abin shaƙa na masu asma yana iya jawo ta. A ƙarshe ya ce abin da nake da shi sunansa esenshal tiremo, larura ce daga sassan ƙwaƙwalwa masu daidaita motsi, kuma kusan rabin masu ita a dangi suka gada.

Bari na warware wani ruɗani. Mutane da yawa in sun ga hannu na rawa sai su ce Fakinsan ce, cutar da ta kama ɗan dambe Muhammad Ali. Ita Fakinsan yawanci hannu yana rawa ne lokacin da yake ajiye, kuma tana zuwa da sanƙarewar jiki da nauyin motsi. Tawa kuwa in hannuna yana kan cinya shiru kake ji, sai na ɗauki kofi, ko biro, ko zan sa maɓallin riga, sannan ta tashi. Wasu har kai da murya take taɓa musu. Ba ta yaɗuwa, kuma ba ta kisa, sai dai takan ƙaru a hankali da shekaru.

Yaya nake rayuwa da ita? Na koyi abokan gabata: rashin barci, yunwa, gajiya, fargaba, da duk abin da ke da kafin, wato kofi, shayi mai kauri, goro da lemukan ƙarin kuzari. Rabuwa da shayin majalisa ya fi min komai ciwo, amma ya zama dole. Kofi rabi nake cikawa, na riƙe da hannu biyu. In zan yi rubutu nakan jingina gwiwar hannu da tebur, kuma biro mai kauri da nauyi ya fi min. Saƙon murya ya rage min wahalar dannawa a waya. A wurin taro yanzu sai na ce a kafa min makirfo a sanda. Likita ya rubuta min wani magani da aka saba bai wa masu hawan jini, yana rage rawar amma ba ya kawar da ita. Ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinmu, gobe sai kemis, alhali yana da haɗari ga mai asma.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan idon mutane. Na taɓa zuwa banki aka ce sa hannuna bai yi daidai da na baya ba, na sake har sau huɗu, layi na kallona, ni kuma kallon yana ƙara rawar. Nan tarkon yake: kana ƙoƙarin ɓoyewa, fargaba na ƙaruwa, fargaba na ƙaruwa, hannu na ƙara rawa. Shekara da shekaru ina ƙin cin abinci a biki, ina ƙaryar na ƙoshi.

Abin da ya cece ni jumla ɗaya ce. Yanzu ni nake fara faɗa: "Ku yi haƙuri, hannuna yana rawa, larura ce ta gado." Shi ke nan. Da zarar na faɗa sai na ji nauyi ya sauka, sau da yawa ma rawar ta ragu. Ranar ma a wani taro, bayan na faɗa, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ɗiyata haka take fama, mun ɗauka aljanu ne. Wane likita za mu gani?"

Game da aiki, ku sani Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Amma doka ba za ta shiga zuciyar mai ɗaukar aiki ta hana shi yanke hukunci daga ganin hannu ba. Wannan aikinmu ne ni da ku.

To roƙona guda uku ne. In ka ga hannun mutum na rawa, kada ka yi masa fassara, kuma kada ka ɗauke shi bidiyo. Kada ka fizge masa kofi da sunan taimako, tambaye shi tukun. In kuma kai ne mai ita, yi addu'arka, sannan ka je asibiti a duba ka, musamman in ta zo farat ɗaya ko ta zo da raunin ɓarin jiki, wannan kada ka kwana da shi.

Shi kuma ɗan'uwan da ya ɗora bidiyon, na yafe maka, amma ka sauke shi. Masu irin wannan larura, ku rubuto mana yadda kuke fama, za mu karanta a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. Sai mun sake haɗuwa, Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.