Idan An Kama Yaronmu, Wa Zai Tsaya Masa?



Maganarmu ta yau a kan yaran da ke shiga hannun hukuma ce. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 an gurfanar da mutum fiye da 100 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu har da ƙananan yara daga Kano da Kaduna. Sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Da hotunansu suka bazu, Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su ranar 4 ga Nuwamba. Waɗannan kam duniya ta gan su. To, yaron ƙauye da aka kama bisa zargin satar waya ko akuya fa? Ba mai ɗaukar hotonsa. In iyayensa da ikilisiyarsa ba su je ba, ba wanda zai je.

Ya kamata mu san abin da doka ta ce. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018, Kano kuma a 2023. Dokar 2003 ta ce a sanar da iyaye da zarar an kama yaro, kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya, a yi shari'arsa a kotun iyali ba tare da tona sunansa ba, tsarewa kuwa sai in babu wata hanya. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, yana kuma da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin yaranmu da yawa sun fi jin yarensu na gida fiye da Turanci.

Amma duk wannan gata ya rataya a kan abu ɗaya, wato shaidar shekaru. Idan aka rubuta yaro ɗan shekara 15 a matsayin ɗan 19, gidan yari na manya za a kai shi, can zai koyi abin da bai sani ba.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'a ta yi abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowane yaro ya sami takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sakatare kuma ya adana littafin miƙa yara da na baftisma da kyau. Na biyu, a zaɓi dattawa biyu, namiji da mace, waɗanda za su raka iyaye ofishin 'yan sanda a ranar da aka yi kamu, kada a bari sai gobe. Na uku, mu koya wa yaranmu kada su sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu ba. Na huɗu, mu san ofishin Hukumar Ba da Taimakon Lauya Kyauta na jiharmu. Tun 1976 aka kafa ta domin talakawa. Mu tuna kuma, beli a wurin 'yan sanda kyauta ne, doka ta kuma hana kama uwa ko uba a madadin ɗansu.

Ba muna cewa a rufe laifi ba ne. Yaron da ya yi ɓarna ya amsa, a biya wanda aka cuta, a hore shi ta hanyar da zai gyaru. Amma neman haƙƙi ba rashin bangaskiya ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 22, da za a yi wa Manzo Bulus bulala ba tare da shari'a ba, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, sai aka dakata. Bulus ya san doka, ya kuma iya magana. Yaro ɗan shekara 14 bai sani ba, tsoro kuma ya kama shi. Mu ne bakinsa.

Idan ya dawo gida kuma, kada mu riƙa nuna shi da yatsa. Mu mai da shi makaranta ko wurin koyon sana'a, mu ba shi wurin zama a cikin sujada.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin hali, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.