Fitsarin Yara da Aikin Masu Gashin Ƙashi

Malamaina, iyayenmu mata, da ɗaliban kiwon lafiya da suka taso daga Tsafe da Bunguɗu, sannunku da zuwa.

Duk wanda ke ɗakin nan ya san yaron da ake ɗora wa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka ana zaga unguwa da shi, wani har a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Su kuwa likitoci ba sa kiran fitsarin kwance cuta sai yaro ya cika shekara 5, kuma a wannan lokacin ma kusan 15 cikin 100 na yara suna yi. Sau da yawa gado ne: in uwa da uba duk sun yi a ƙuruciya, kusan uku cikin huɗu na 'ya'yansu za su yi. Mai bulala ya fara tambayar gyatumarsa tukuna.

Da an ce gashin ƙashi, hankalinmu sai ya tafi kan mai karaya ko mai shanyewar ɓarin jiki. Alhali a ƙasan mara akwai tsokar da ke riƙe bakin mafitsara, ita ma ana horar da ita. Wani likita a Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wannan atisaye a 1948, domin matan da haihuwa ta sassauta musu tsokar. Su matsewa ake koya musu. Yara da yawa kuwa sakewa ce ta gagare su.

Ku dubi yarinyar da ke barin gida da bakwai na safe, ta ƙi shiga ban-ɗakin makaranta har a tashi. In fitsari ya matso ta, sai ta harɗe ƙafa ko ta zauna kan diddige. Yau da gobe tsokar ta saba da ɗaurewa, ko ta tsuguna ba ta saki. Fitsarin ya riƙa fita yana yankewa, saura ya kwanta a mafitsara, zafin fitsari ya biyo baya, wando ya jiƙe da rana tsaka. Irin wannan yarinya, in ka ce ta riƙa tsayar da fitsari a tsakiya don mafitsara ta yi ƙarfi, ka ƙara mata ciwo.

Aikin mai gashin ƙashi shi ne ya koya mata tsuguno da gwiwa a buɗe, tafin ƙafa a ƙasa, numfashi da ciki, ba yunƙuri, ba gaggawa. Ta zaga duk bayan awa biyu zuwa uku, ta sha yawancin ruwanta kafin la'asar. Uwa na wurin, kuma ba a taɓa tsiraicin yaro don wannan koyarwa. Ana auna abin da mafitsara ke ɗauka: a ƙara ɗaya a kan shekarun yaro, a ninka da 30. Ɗan shekara 7 mililita 240 ke nan, kusan rabin ledar ruwa. Sai a tambayi bayan gida, domin hanjin da ya cushe yana danne mafitsara. Wani yaron da an warware masa wannan, shi ke nan.

Amma kada mu yi wa atisaye kirarin da ba nasa ba. Yaron da yake lafiya lau da rana, sai da dare kawai, galibi nauyin barci ne da yawan fitsarin da ƙoda ke tacewa, kuma ƙararrawar farkarwa ko maganin desmopressin bisa umarnin likita sun fi yi masa amfani. A ƙasarmu kuma gwajin fitsari ne farko. Yaron da ke wanka a Gulbin Sakkwato yana ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya za a nema, maganinta praziquantel. Mai sikila ƙodarsa ba ta iya rage ruwan fitsari da dare. Wanda ya daina ya dawo yana yi, ga ƙishirwa ga rama, a auna masa suga ranar nan. Ana fara waɗannan gwaje-gwaje a babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, in ya gagara a tura shi Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

Shugabannin makarantu da malaman tsangaya da ke nan, roƙona gare ku guda biyu ne: ban-ɗaki mai ƙyaure da buta, sannan yaron da ya ɗaga hannu zai zaga, a bar shi ya fita.