Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Jawabi Kan Raya Karkara



An nemi in yi magana a kan raya karkara, wato irin aikin da zai ci gaba da amfanar jama'a bayan an kwashe rumfunan bikin buɗewa. Zan kawo muku misalai biyu, ku auna da kanku.

Na farko shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Niyyar mai kyau ce, a bunƙasa noman rani. Amma an tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, maganar diyya kuwa ta zama rigima. Waɗanda ke gangaren gulbin, da cikowar ruwa ke jiƙa musu fadama kowace shekara, suka ga shinkafa da kifi sun ja baya. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman hakkinsu, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980, aka yi asarar rayuka masu yawa. An kashe kuɗi, injiniyoyi sun yi nasu, amma ba a zauna da mai gona ba.

Na biyu, mu ƙetara iyaka zuwa ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 an yi ta dashen itatuwa, galibinsu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da ransu. Sai ya shawarci manoma, idan an zo sharar gona kada a sare toho duka, a bar masu ƙarfi a riƙa gyara su. Wannan shi ake kira sassaben zamani, kuma bai bukatar kome sai adda da haƙuri. Wanda ya ga gawo ya zuba ganye ya taki gonar maƙwabcinsa, 'ya'yansa sun ciyar da dabbobi, shi ma sai ya kwaikwaya. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kamar miliyan 200 suka farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

'Yan'uwa, gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin da ake tsara irin waɗannan ayyuka. Kafin ku sa hannu a takarda, ku tambayi kanku: an ji ta bakin mutanen wurin? Wa aikin zai cutar? In kuɗin gwamnati ya yanke, za su iya riƙe shi da kansu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar talakawa.