Idan Waya Ta Ƙi Sauke Takarda

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Kucheri, ƙaramar hukumar Tsafe



Wani lokaci yaro yakan so sauke takardar jarrabawar JAMB daga intanet. Sai waya ta nuna gargaɗi, ta tsaya. Wayar ba ta lalace ba.

Manhajar Chrome, wadda kamfanin Google ya fitar a 2008, tana da mai gadi a ciki. Aikinsa shi ne ya tare abin da zai cutar da waya. Kada ku kashe shi. Ku duba abu biyu.

Na farko, ƙarshen sunan abin. PDF takarda ce. APK manhaja ce. Muguwar manhaja tana iya karanta saƙon banki, ɓarawo ya kwashe kuɗin masarar da kuka sayar a kasuwar Tsafe.

Na biyu, adireshin. Na hukumomin gwamnati yakan ƙare da gov.ng, kamar jamb.gov.ng.

In takarda ce daga irin wannan adireshi ta ƙi sauka, ku duba. Ko waya ta cika? Ko data ta ƙare?

In wani ya turo APK ta WhatsApp, ya ce tallafin taki ne, ya ce ku shiga saiti ku ba da izini, ku ƙi. Ku goge shi.

Ku karanta gargaɗi kafin ku danna. In bai fito muku ba, ku kawo wa malamin aji.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.