Bargo, Hantsi da Abokin Turke

Yau shirin namu barga ya leƙa, tunda ga hunturu ya kankama, kuma na san tuni wasu masu dawaki sun fara laluben tsohon bargo ko buhu za su rufa wa dabbarsu.

To, a dakata tukuna. Allah Ya yi wa doki nasa bargon. In sanyi ya taso, gashin jikinsa kan miƙe ya riƙe ɗumi kusa da fata, mayafi mai nauyi kuwa danne gashin yake yi. Lafiyayyen doki mai ƙoshi ba ya takura sai ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 5, kuma sanyin asubar Kano da wuya ya kai can. Mai bukatar rufi shi ne tsoho, ko ramamme, ko mara lafiya, ko dukushi sabon haihuwa. Shi ma da hantsi ya dubi ludayi a yaye masa, don in ya yi gumi a ciki, ƙuraje da miki ne za su biyo baya. A ƙasar Norway, masu bincike sun koya wa dawaki 23 taɓa alama da hanci don nuna ko suna son bargo, suka bayyana sakamakon a 2016. Ranar ruwa da iska dawakin suka zaɓi a rufa musu, ranar ɗumi suka zaɓi a cire.

Bayan maganar bargo, a riƙa fitar da doki ya sha hantsi, ya yi birgima. Barga mai duhu da ƙura da zarnin fitsari tana jawo tari. Sai dai ranar bazara ba ta wasa: inuwa da ruwa wajibi ne, musamman ga mai farin hanci, wanda fatarsa kan ƙone.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ingarman da ake ɗaurewa a turke shi kaɗai, daga hawan sallah sai hawan sallah. Ga dawa, ga harawa, ga kanwa, amma babu ɗan'uwa. Doki fa dabbar garke ce. Yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, ko da na rabin awa ne a rana, kuma ya fi sakin jiki ya kwanta in wani yana tsaye kusa kamar mai gadi. Wanda kaɗaici ya dama sai ka ga yana gwaguyar itace, yana lilo da kai, yana tonon ƙasa, har ya soma kai cizo. Sai a ce mugun hali gare shi, a ɗauko bulala. Haba jama'a! Kewa ce ke cin sa.

In babu halin doki biyu, jaki ko akuya ma kan ɗebe masa kewa. In kuwa ingarmu biyu ne, a kafa turakunsu inda za su ga juna, su amsa wa juna haniniya, amma hauri ba zai kai ba.