Majalisar Ƙasar Yutofiya



Ƙasar da zan yi magana a kanta yau ba ta cikin taswira. Wani mutumin Ingila, Thomas More, shi ya ƙago ta cikin littafinsa mai suna Yutofiya, wanda aka buga a 1516. Tsibiri ce mai birane 54. Kowace shekara kowane birni yakan aika da dattawa uku zuwa Amorot, babban birnin ƙasar, wakilai 162 ke nan. Babban aikinsu shi ne su duba inda abinci ya wadata da inda ya ƙaranta, a ɗebo daga can a cike nan, ba a biyan ko anini.

A cikin birni kuwa, kowane gida 30 sukan zaɓi wakili guda. Wakilan nan 200 su ke zaɓen shugaban birni a asirce, daga cikin mutum huɗu da jama'a suka gabatar. Yakan riƙe mulki muddin ransa, sai fa in an zarge shi da neman danne jama'a.

Ƙa'idodi biyu na majalisar birni nake so mu lura da su. Ta farko, ba a muhawara a kan batu ranar da aka kawo shi, ba a kuma zartar da shi sai an kwana uku ana tattaunawa. Dalili kuwa, magana zarar bunu ce. Wanda ya yi suɓul da baka, girman kai kan sa ya tsaya kare maganarsa ko da jama'a za su cutu. Wannan ƙa'ida ta cancanci majalisar ƙungiyarmu ta ɗalibai ta are ta.

Ta biyu ita ce abin tsoro: duk wanda ya ƙulla shawara kan al'amuran ƙasa ba a majalisa ko taron jama'a ba, hukuncinsa kisa. An yi ta ne don hana manya ƙulla makirci, amma wa zai hana a juya ta kan talaka? Shi kansa More ya shugabanci majalisar wakilan Ingila a 1523, aka kuma fille masa kai a 1535, bisa dokar da majalisa ta zartar a 1534.

Saboda haka, ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, in an kawo muku daftarin doka, ku kwana a kansa, ku tambayi kanku hannun wa za ta faɗa bayanku.