Maganar Agogon Zinariya: Jawabin Ofishin Magatakarda a Taron Zagayowar Shekara

Shugaba, iyayen ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka taso daga Katsina da Kano, sannunku da zuwa Maraɗi.

An ba mu minti kaɗan mu yi bayanin aikin ofis, amma mun roƙi Shugaba ya bar mu mu taɓo wata magana da ta zo teburinmu har sau uku a bana, wato maganar agogon zinariya.

Tun da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, ga naira ta yi ta faɗuwa, kowa na neman inda zai ɓoye jarinsa. Wasu sun sayi fili, wasu shanu, wasu daga cikin masu zuwa Dubai kuma suka koma ga agogo, musamman Rolex Submariner na zinariya. Hujjarsu ita ce ba ya ruɓewa, ba ya cin abinci, kuma ana ƙetare iyaka da shi a hannu.

Agogon nan masu nutso cikin teku aka yi wa shi tun 1953. Na yanzu yana jure ruwa har zurfin mita 300, kuma zoben da ke bakin gilashinsa don ƙirga mintocin da mutum ya yi a ƙarƙashin ruwa ne. Mu da Gulbin Maraɗi ma sai damina muke ganin ruwansa, kun san ba don nutso muke saye ba.

To, ga abin da muka gano. Zinariyar jikinsa karat 18 ce, wato kashi 750 cikin 1000, shi ya sa ake buga lamba 750 a jiki. Sabonsa ya haura dala dubu 30, sama da sefa miliyan goma sha biyar ke nan. In aka kai wa maƙerin zinariya ya ɗora a sikeli, ya cire inji da gilashi, abin da zai biya bai kai kuɗin saye ba. Sauran kuɗin na suna ne da aiki, kuma suna yana hawa yana sauka. Farashin irin waɗannan agogai a hannun 'yan kasuwa ya yi tashin gwauron zabo zuwa farkon 2022, daga nan ya yi ƙasa. Wanda ya saya a lokacin tsada, da yawa bai mai da uwar kuɗinsa ba.

Sai maganar jabu. Wani ɗan uwanmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ya kawo nasa yana son ajiye shi jingina ya karɓi rance daga asusun ƙungiya don ya fanso kayansa a tashar jirgin ruwa. Ya saya ne a hannun dillali, babu kati, babu rasit, an ce masa rangwame ne. Da aka kai wa mai duba agogo ya buɗe baya, injin ba na kamfanin ba ne, zinariyar kuma wanki ce a kan ƙarfe. Wallahi mun ji masa ciwo. Kayansa suka ƙara kwanaki a tasha, kuɗin ajiya na hawa, sai da 'yan uwa suka yi masa karo-karo.

Duk wanda ya nace sai ya saya, ya je wurin wakilin kamfanin da aka amince da shi, ko da za a sa shi jira. Ya karɓi katin garanti, wanda na shekara biyar ne, ya duba lambar katin ta yi daidai da wadda aka zana a zoben ciki, ƙasan ƙarfe shida. Gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lambar sau biyu da rabi. Na zinariya ya fi na ƙarfe nauyi sosai. Amma masu jabu sun ƙware, don haka ido kaɗai ba ya isa. Rasit kuma a riƙe shi a jiki, domin ranar da ma'aikacin duwan ya tambaya a filin jirgi ko a Ɗan Isa, shi ne zai yi magana.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ofishinmu. Malamanmu sun sha faɗa cewa sanya zinariya bai halatta ga namiji ba, kuma zinariyar da aka ajiye tana da hukuncin zakka idan ta kai nisabi. Limamin ƙungiya yana nan, a tambaye shi kafin a biya kuɗi.

Shawarar da kwamiti ya yanke ita ce, daga yau asusun ƙungiya ba zai karɓi agogo a matsayin jingina ba sai da kati da rasit da shaidar mai duba agogon da ƙungiya ta zaɓa, kuma za a yi masa ƙima ne da nauyin zinariyarsa kawai. Mai ƙorafi ya same mu a ofis ranar Litinin bayan la'asar.